Amsa: amfanin ƙaramin madubin hangen nesa wajen nazarin fashewar taurari

Malam, ka ce me ƙaramin madubi zai tsinana alhali ga Hubble, babban madubin hangen nesa da ke sararin samaniya. Ai ba girma ake nema ba, a riski fashewar da wuri ne. A sa'o'in farko zafi kan haura digiri 20,000, yawancin hasken altirabayolet ne, wanda ido ba ya gani, iskar ozon da ke saman duniya kuma na tare shi, don haka sai daga sararin samaniya ake iya ganinsa. Hubble kuwa ɗan gurbi na sama yake gani lokaci guda. ULTRASAT, ƙaramin madubin hangen nesa na Isra'ila, mai faɗin baki santimita 33, an tsara shi ya kalli babban yanki na sama, murabba'in digiri kusan 200, lokaci guda. Daga saurin dusashewar hasken ake lissafa girman tauraron.

Babbar matsalar irin wannan na'ura ita ce tururin gam da fentin jikinta: ya daskare a madubi, ya shanye hasken. Shi ya sa ake gasa kayan kafin harbawa sararin samaniya.