Jarinsa ya karye, mun rabu: bashin da muka ci tare wa zai biya?

Tambaya: Malam, mijina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Jarinsa ya karye, ya sake ni. Mun taɓa karɓar bashin naira miliyan 2 tare muka sayi keken ɗinki da kaya, akwai kuma wani bashin nasa da na sa hannu na tsaya masa. Yanzu masu bin bashi sun ce za su kwashe kayan ɗakina. Kuma ina bin sa cikon sadakina. Ina mafita?

Amsa: Bismillahi. 'Yar'uwa, Allah Ya kawo miki sauƙi.

A Musulunci aure ba ya haɗe dukiya. Aljihun miji daban, na mata daban, don haka saki bai ƙara miki bashi ba, bai kuma sauke miki wanda kika ɗauka ba. Bashin da ya ci shi kaɗai, ba da sa hannunki ba, ba ruwanki da shi. Gadonki da kwanukanki da iyayenki suka yi miki naki ne, wanda ya taɓa su saboda bashin wani ya yi ƙwace.

Miliyan 2 ɗin nan kuwa, kowa kasonsa ne a wuyansa. In rabi da rabi kuka yi, miliyan 1 ake bin ki, sai fa in an rubuta cewa kowannenku ya lamunce wa ɗan'uwansa.

Wurin da ya fi nauyi shi ne lamunin da kika yi. Annabi (SAW) ya ce mai lamuni mai biya ne, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala, ba a tuhumar mai lamuni sai wanda ya ci bashin ya rasa abin biya ko ya ɓace. To tsohon mijinki ya rasa, saboda haka magana ta dawo kanki. Mata da yawa suna sa hannu don kunya ko gudun ɓacin ran maigida, suna ɗauka takarda ce kawai. In tilasta miki ya yi, ki kawo shaidu gaban alƙali, don ba a karɓar wannan da'awa da baki kaɗai. In kin biya, kina bin sa duk abin da kika biya har ranar da Allah Ya buɗa masa.

Cikon sadakinki bashi ne cikakke. Shaihu Halilu ya faɗa a Mukhtasar cewa matar tana shiga sahun masu bin bashi da sadakinta. Alƙali zai hana shi taɓa dukiyarsa, ya sayar, ya bar masa abinci da sutura, sannan ya raba gwargwadon haƙƙin kowa: in ana bin sa miliyan 6 aka samu miliyan 3, kowa rabin nasa zai karɓa, har ke. Ragowar kuma ba ta faɗi ba, jira ake yi, domin Allah Ya ce a aya ta 280 ta Suratul Baƙara a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu yalwa.

Ki tattara takardun bashin biyu da shaidun sadakinki ki kai kotun shari'a, kada ki bari a raba dukiyar ba sunanki a ciki. Wallahu a'alamu.