Inna, Wace Sutura Zan Sa Zuwa Sujada In Yi Kyau Kuma In Fita da Mutuncina?

Inna, gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali.

Ni budurwa ce mai shekara 26, ina koyarwa a wata lakwal a nan Maradi. Iyayena Kirista ne, asalinmu daga wajen Tsibiri muke, amma karatuna a Yamai na yi shi, kuma can na saba da irin ɗinkin da 'yan mata ke yayi: riga mai bin jiki, siket mai tsaga a baya. A can ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dube ni sau biyu. Da na dawo gida na shiga ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu, wani lokaci ni ce ke ba da waƙa a gaba.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa daga cikin manyan Zumuntar Mata ta kama hannuna ta ja ni gindin bedi. Ba ta yi mini faɗa ba, a hankali ta ce, “Ɗiyata, muryarki muke so mu ji, amma rigar nan ta fi muryar ƙara.” Inna, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban iya cin abinci ba ranar. Tun daga lokacin nake zuwa da wata tsohuwar bubun mahaifiyata, in lulluɓa da ƙaton mayafi, in zauna can baya. Na daina ba da waƙa. Ƙawayena kuma suna mini dariya, wai na tsufa tun ban yi aure ba.

A unguwarmu ma akwai magana. Maƙwabtanmu duka Musulmi ne, muna zaman lafiya da su ƙwarai, amma na san ana kallona in na fito ba gyale zan hau kabu-kabu. Ba na so a ce ga ɗiyar gidan wane, Kirista ba su san sutura ba.

Ga Kirsimeti na matsowa. Albashina bai taka kara ya karya ba, abin da na iya tanada turmi ɗaya ne na atamfa, yana nan cikin akwati na kasa kai wa tela don ban san me zan ce ya ɗinka ba. Ina son kwalliya, ba zan ɓoye miki ba. Shin son kwalliya a gidan Ubangiji laifi ne? In ba laifi ba ne, wane irin ɗinki zan yi wanda ba zai sa a sake ja na gefe ba, kuma ba zai mai da ni tsohuwa ba?

Ɗiyarki, daga unguwar Zariya, Maradi.

*

Ɗiyata, na karanta takardarki, kuma abin da ya fi taɓa ni ba maganar riga ba ce. Kin daina waƙa. Wannan shi ne asarar da aka yi, kuma ita nake so mu fara gyarawa. Matar da ta ja ki gefe ta ce muryarki suke so su ji. Ba ta ce ki koma bencin baya ba. Ki lura kuma da yadda ta yi: ba ta kai ƙararki wurin fasto ba, ba ta yi da ke a taron mata ba, ta keɓe ki ne inda ba mai ji. Wadda ba ta ƙaunarki ba ta yin haka.

Son kwalliya ba laifi ba ne. Ki buɗe 1 Timoti 2:9 ki karanta da kyau. Manzo Bulus bai hana mata ado ba, cewa ya yi su yi ado da sutura ta kamun kai, sannan ya ja kunne a kan zinariya da lu'ulu'u da tufafi masu tsada. Mutane sukan riƙe rabin farko su manta da na biyu. Wadda ta zo sujada a rufe ruf amma da shadda Getzner da sarƙar zinariya don a san ta fi ta kusa da ita, ita ma ayar ta shafe ta. Saboda haka turmin atamfarki guda ɗaya bai rage ki da komai ba, kada ki ci bashi don Kirsimeti.

Kada kuma ki ɗauka cewa sai kin zaɓa tsakanin zama Kirista da zama Bahaushiya. Tun da masu bishara suka sauka Damagaram a 1924, daga baya aikin ya iso Tsibiri da Danja, kakanninki mata da zane da riga da kallabi suke zuwa sujada, da Hausa suke waƙa, da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki wanda aka buga cikakkensa a 1932. Gyalen da za ki yafa ki fita unguwa suturar gidanku ce, ba aro kika yi ba. Yafa shi zai ba ki kwanciyar hankali tsakanin ƙofar gida da ƙofar majami'a, in kin shiga kina iya naɗe shi ki ajiye.

Yanzu mu zo ga tela, don a shagonsa ake yin kamun kai ko a rasa shi. Yawancin 'yan mata suna gwada sabon ɗinki a tsaye cik gaban madubi, ciki a shafe, hannu a ƙasa. To ba haka ake sujada ba. A majami'a za ki zauna kan benci na sa'o'i biyu ko uku, ki miƙe, ki sunkuya ki sa baiko, ki ɗaga hannu, ki yi tafi, ki taka rawa in an buga ganga. Ke kuma mai ba da waƙa ce, a tsaye kike a gaba, wataƙila a kan dakali, jama'a suna ƙasa suna kallonki, wani lokaci kuma ki juya musu baya ki fuskanci mawaƙa. Rigar da ba ta da aibu a kan mai zaman benci tana iya zama abin magana a kanki. Don haka ranar da za ki karɓi ɗinki, ki tafi da ƙanwarki ko aminiyarki mai gaya miki gaskiya. Ki sa kayan, ki zauna kan kujerar tela, ki ga ko siket ya haye gwiwa. Ki sunkuya kamar za ki ɗauki abu a ƙasa, ta duba wuyan rigar ta gaba. Ki ɗaga hannu biyu sama, ta duba ko rigar ta bar ƙugu, ko hammata ta buɗe. Ki juya, ta duba baya. In akwai abin gyara, a gyara shi nan take kafin ki biya cikon kuɗi.

Ga abin da zan ce wa tela in ni ce ke. Turmi yadi 6 ne, wato zane uku. A fitar da riga da siket da kallabi. Rigar ta bi siffar jiki amma kada ta kama shi: a ce kina iya tsunkule yadin a gefen ƙugu da yatsu biyu ba tare da kin ja ba. Tsawonta ya sauko ya rufe ɗuwawu, in aka yi mata 'yar baza daga ƙugu zuwa ƙasa ta fi kyau, don tana fito da tsayin mace ba tare da ta zana ta ba. Wuya kada ya wuce faɗin yatsu uku ko huɗu daga ƙashin wuya, kuma kada ya yi faɗin da zai riƙa zamewa daga kafaɗa kina jan sa a tsakiyar waƙa. Hannu ya wuce gwiwar hannu kaɗan. A nan ne za ki zuba son kwalliyarki yadda kike so: hannu mai tattara, ko mai buɗewa a ƙasa, ko a zagaye bakinsa da siririn yadi mai launi ɗaya da aka tsamo daga cikin zanen atamfar. Mai waƙa hannunta ne ke motsi, ido can yake zuwa.

Siket kuwa, ki rabu da tsaga. Dalilin tsaga shi ne siket ya matse har ba a iya tafiya, sai a tsaga don a sami taku. In aka yanka shi ya sake daga cinya ya buɗe zuwa idon sawu, ba ki da bukatarta. In kuma kina son madaidaicin siket, ki ce a yi miki kalmasa a baya, wato a cusa ƙarin yadi a ciki, in kin taka ya buɗe amma ba fata za a gani ba. Ki roƙi tela ya bar miki rarar yadi a cikin ɗinki, don atamfa takan ɗan ja bayan wanki, jiki kuma yana canzawa. Wannan ma hanya ce ta ceto kayanki na Yamai: kada ki zubar da su. Waɗanda ke da rara a ciki a saki, siket mai tsaga a toshe da yadi mai dacewa, rigar da wuyanta ya yi zurfi a ɗora mata wani yanki a gaba. Tela mai hankali zai yi wannan da kuɗi kaɗan.

Bubu ma ba ta tsofaffi ba ce, ta mahaifiyarki ce ba a ɗinka don ke ba. Bubu da aka yanka daidai tsayinki, kafaɗa ta zauna, da ɗan aiki a wuya, tana cikin suturar da ta fi kowace kwarjini. Abu ɗaya za ki kula da shi: gefenta. In buɗewar hannun ta yi zurfi, da kin ɗaga hannu an ga har haƙarƙari. A ɗinke gefen ya hau sama, ko ki sa 'yar riga mai hannu a ciki.

Sai maganar yadi da zafi, don Maradi ba ta wasa. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, rufin kwano kuma sai ya ninka shi. Yadin roba yana riƙe gumi, ya manne a baya, rigar da ta fito gida da mutunci ta koma tana nuna komai kafin a gama wa'azi. Ki nemi auduga. In kina shakka a kasuwa, ki zare zare ɗaya daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta zama toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Ki kuma ɗaga yadin ki duba rana ta cikinsa. In kina ganin yatsunki, to duk wanda ke zaune zai ga ƙafafunki sa'ad da kika tsaya a bakin ƙofa haske na bayanki. Irin wannan sai da shafi, shafin ma na auduga, ko ki sa fatari. Leshi kuwa shafinsa ya zama launi ɗaya da shi, ya hau har ƙirji da baya, kada a yi mai kalar fata, don daga nesa ba a bambancewa.

Kirsimeti dai cikin hunturu take zuwa, zafi ba zai dame ki ba, ƙura ce za ta dame ki. Fari tas ba ya isa majami'a da farinsa a kan kabu-kabu. Makuba, shuɗi mai duhu, kore, ruwan goro, ruwan ƙasa, duk suna jure ƙura. Da na ambaci kabu-kabu, ki ji wannan da kyau domin ya wuce maganar ado: kafin ki hau, ki tattara gyale da bakin zane ki danne a cinya. Gyale mai lilo yana shiga ƙafar babur, kuma ya sha kayar da mata.

Kallabi ki ɗaura shi yadda ya yi miki kyau. Majami'unmu da yawa suna riƙe da rufe kai bisa 1 Korantiyawa 11, ki bi abin da taku take yi. Sai dai ɗaurin da ya yi tsayi ya baje yana tare wa na bayanki gani, ki bar shi sai ranar biki. Takalmi mai tsini yana nutsewa cikin rairayin unguwanninmu, a kan siminti kuma yana ƙwas-ƙwas lokacin addu'a. Mai ɗan tudu mai faɗi ya fi. 'Yan kunne ƙanana, sarƙa ɗaya, kwalli, lalle in kina so. Humra da turaren wuta ki yi su kaɗan, ana zama a matse, kuma akwai masu ciwon asma da masu juna biyu.

Don kada turmi ɗaya ya zama sutura ɗaya, ki sayi yadi mara zane mai launi ɗaya, a yi miki riga guda. Wata Lahadi ki sa ta da siket ɗin atamfar, wata ki sa rigar atamfar da baƙin siket. Ranar da Zumunta ko mawaƙa suka fitar da anko, shi ma ki ba da shi a ɗinka bisa wannan ma'aunin, don shi za ki fi sawa a gaban jama'a.

Kada ki jira Disamba ta kama. Teloli suna cika da aiki gab da biki, ɗinkin gaggawa kuma shi ne wanda ba a samun lokacin gyarawa. Ki jiƙa atamfar a ruwa ta kwana, ki shanya a inuwa, ki kai a makon nan.

Kafin nan kuma, ki je gidan dattijuwar nan da yamma ki gaishe ta. Ki ɗauki atamfar ki nuna mata, ki ce, “Mama, ga abin da na saya, ga ɗinkin da nake so, me kika gani?” Ba dole ki bi duk abin da ta ce ba, don zamaninku ba ɗaya ba ne, kuma kina da ikon son hannu mai tattara ko da ita ba ta so. Amma za ta san maganarta ta shiga, in wata ta sake ɗaga zancenki ita ce za ta tare miki. Ki gaya wa shugaban mawaƙa kuma cewa Lahadi mai zuwa kina nan a gaba, ko da bubun mahaifiyarki ce a jikinki. Ki ɗaure ta da kyau, ki ajiye ƙaton mayafin, ki ba da waƙarki.

Innarki.