Hukuncin shiga cacar ƙasa ga baƙon da ke zaune a Ingila

Tambaya: Allah Ya gafarta Malam, ina aiki a Ingila da bizar aiki. Abokan aikina suna haɗa fam 2 kowane mako, mutum ɗaya ya sayo tikitin National Lottery da sunan kowa, ni ban taɓa zuwa na saya da hannuna ba. Dokar ƙasar ba ta hana baƙo shiga ba, kuma na ji cewa Imam Abu Hanifa ya halatta irin wannan a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Sau ɗaya an ba ni rabona, kuma niyyata in taimaki iyayena.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri a kan tunanin iyayenka. Abin da hukuncin ya rataya a kansa shi ne fam 2 ɗin da ke fita daga aljihunka, domin wanda ya je ya sayo tikitin wakilinka ne, kuma aikin wakili aikin wanda ya wakilta shi ne. Duk wanda ya zuba kuɗi alhali bai san ko zai rasa su ko zai kwashi na wasu ba, ya yi caca, kuma haramcinta a Suratul Ma'ida sananne ne. Da ƙuri'a ce wadda ake shiga ba tare da biyan ko sisi ba, da babu laifi. Izinin doka kuwa yana kare ka ne daga hukuma kawai.

Maganar da ka ji tana da asali, ba zan ɓoye maka ba. An ruwaito daga Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan cewa Musulmin da ya shiga darul harbi (ƙasar da ba ta ƙarƙashin mulkin Musulunci) da aminci zai iya karɓar dukiyar mutanenta da yardarsu, ko da ta hanyar cinikin da bai inganta ba. Sai dai Abu Yusuf, babban almajirinsa, ya saɓa masa, haka ma Malik da Shafi'i da Ahmad. Hadisin Makhul da masu halattawar suka dogara da shi mursali ne (wato tabi'i ne ya ruwaito shi daga Annabi (SAW) ba tare da ambaton sahabi ba), Imam Shafi'i ya ce bai tabbata ba, kuma ɗaya hujjar tasu, wato sharaɗin cin dukiya da Sayyidina Abubakar ya ƙulla da mushirikan Makka a kan nasarar Rumawa, ya faru ne kafin a haramta caca. Ko da mun sallama musu, manyan Hanafawa irin su Ibnul Humam sun bayyana cewa ana nufin inda ribar za ta koma hannun Musulmi ne, alhali damar cin babbar kyautar Lotto (wasan National Lottery) ɗaya ce cikin kusan miliyan 45, wato kai ne ake ci mako bayan mako. Sannan kuɗin da ake tarawa ba na waɗanda ba Musulmi ba ne kaɗai, domin ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kuma ba a rasa masu saye a cikinsu kamar yadda kai ma ka saya.

Saboda haka ka janye daga haɗakar tun wannan makon, ka yi wa abokan aikinka bayani cikin ladabi cewa addininka ne ya hana, ba raini ba ne. Rabon da ka karɓa, ka cire abin da ka zuba, sauran ka bai wa mabuƙata da niyyar tsarkake dukiyarka, kada ka aika wa iyayenka ko ka ciyar da iyalinka da shi.

Ina kuma jin nauyin da ke kanka a cikin tambayarka, domin ana ɗauka cewa duk wanda ya ƙetare ya samu. Ka gaya wa na gida gaskiyar albashinka da kuɗin hayarka, ka aika abin da za ka iya. Idan saƙo ya zo maka ta waya ko imel cewa ka ci wata cacar da ba ka shiga ba, ana neman kuɗin fito da kyautar ko hoton fasfonka, to 'yan damfara ne, kada ka amsa musu. Wallahu a'alam.