Na Daka Wa Inna Tsawa, Na Kasa Yafe Wa Kaina

Assalamu alaikum Anti. Ni bazawara ce, shekarata 34, ina Gombe wajen Jekadafari. Shekara uku kenan Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki sanadiyyar hawan jini, tun daga lokacin ni ce wanka ni ce wanki ni ce canja famfas ni ce tashin dare. Mu biyar ta haifa amma da yake ni kaɗai ce mace kuma ba ni da miji sai aka sakar min komai, yayyena su turo kuɗi in sun samu, su leƙo ranar Juma'a su ce sannu da ƙoƙari su wuce. Keken ɗinkina na can lungu ya yi ƙura, kwastomomi sun watse.

Makon jiya da safe ina ba ta kunu a cokali ta ture hannuna ya kife a zanin gadon da na gama shimfiɗawa, wallahi ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Bakinta ba ya fita sosai, kallona kawai ta yi hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta. Tun ranar ayar nan da ta hana a ce wa iyaye ko "uf" take min yawo a kai. Barci ya ƙaurace min, abinci ba ɗanɗano, kuka ba dalili, wani lokacin har zuciyata ta ce dama komai ya ƙare in huta, sai in kama istigfari. Dan Allah Anti ni muguwar 'ya ce?

Taki, daga Gombe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Muguwar 'ya ba ta shekara uku a gindin gadon uwa. Gajiya ce ta ci ƙarfinki. Ki je ki riƙe hannun Inna ki ce ta yafe miki, ko ba ta amsa da baki ba tana jin ki, sannan ki daina yi wa kanki shari'a kullum dare.

Ayar da kike tunawa tana Suratul Isra'i, kuma ba ke kaɗai aka saukar wa ba, har da yayyenki. Mai irin wannan jinya ana so a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, yanzu fisabilillahi mutum ɗaya zai iya wannan dare da rana? Ki tara su, in kina jin nauyi ki sa kawu ko gwaggo a tsakani, kuma kar ki ce "ku taimaka min" domin za su ce to su manta. Ki faɗi abu ƙarara: dare biyu a sati wani ya kwana ko ya turo matarsa in ta yarda, wane ya ɗauki magani, wane famfas, a haɗa kuɗi a ɗauko mai taya ki wanki. Ranar da kika samu hutu kar ki ɓige da shara, ki kwanta, ki je gidan ƙawa, ki goge keken nan ko zani ɗaya ki ɗinka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rashin barcin da kukan. In irin wannan ya kai sati biyu yana iya zama ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jinin Inna, ba raunin imani ba, kuma yana da magani. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, kar kalmar ta tsorata ki, ba mahaukata kaɗai ke zuwa ba. Ki sa a auna jininki ke ma tunda abin yana bin dangi.

Maganar "dama komai ya ƙare" kuwa, masu jinya da yawa na jin haka suna ɓoyewa. Amma in ta kai kina tunanin cutar da kanki ko Inna, kar ki jira a tara kowa, a ranar ki kira babban yayanku ya zauna da ita ke ki tafi asibiti. Allah ya ba Inna lafiya, ki sake rubuto min bayan kun zauna.