Tambayi Likita: Ƙurajen Inna sun ƙi jin magani, ga rama ga suga

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Innata ce, shekarunta sun haura 50, wasu ƙuraje ke fito mata a matsematsi da ɗuwawu da ƙwauri, su yi ja su ɗuri ruwa su fashe su yi ɓawo, nan ya warke ya bar baƙin tabo sai can ya ɗauka. Mun sha sayen man shafawa a kemis, an yi na gargajiya, shiru. Ga rama, kwanan nan kuma aka ce tana da suga. Mi ya kamata mu yi? Daga wata baiwar Allah, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ban ganta ba don haka ba zan yanke hukunci ba, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne haɗuwar ukun nan, ƙuraje masu yawo da rama da sabon suga. In suka haɗu haka ba fatar kaɗai ake dubawa ba, ciki ake leƙawa.

Akwai wani ƙari da ke fita a pankiriyas, wato sashen nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin (sinadarin da ke sauke suga a jini), likitoci na ce wa ƙarin glucagonoma. Yana zuba sinadarin glucagon da yawa a jini, shi kuma aikinsa ɗaga suga ne, sannan ya riƙa cinye tsokar jiki, shi ya sa mutum ke ramewa ko da yana cin abinci, fatar ma ta rasa abin gina kanta sai ta dinga saɓulewa. Yawancin masu shi suna yin irin ƙurajen nan, tsakiya na warkewa gefe na ci gaba, kuma sau da yawa su ke fara bayyana kafin a gano ƙarin. Ki duba bakinta, ko harshe ya yi ja sumul yana zafi, ko gefen leɓe ya tsage.

Kada hankalinki ya tashi, ciwon nan ba kasafai ake ganinsa ba, ƙiyasi kusan mutum 1 cikin miliyan 20 a shekara. Ƙarancin sinadarin zinc a jiki, ciwon hanta, ko ƙarancin bitamin B3 ga wanda masara ce yawan cimarsa duk suna kawo makamancin haka, kuma su suka fi yawa a wajenmu.

Don Allah a dakata da shafe-shafen nan, ku kai ta babban asibiti a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta ga likitan fata. Za a gwada jini, a ɗan yanki fata a duba, in da zargi a auna glucagon a yi hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki. In ƙarin ne, tiyata ake a cire, akwai kuma allurar octreotide da ke kwantar da ƙurajen sosai. Ki riƙa ɗaukar hoton wajen da waya duk bayan 'yan kwanaki ki nuna wa likita. In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo ko numfashi ya yi mata wuya, a ranar za ku tafi, don ciwon na sa jini daskarewa a jijiya.