Sun hana ta aiki saboda tana kan keken guragu, me doka ta ce?

Wata baiwar Allah ta turo min saƙo ta ce in sakaya sunanta. Shan inna ce ta same ta tun tana ƙarama, da keke take yawo, ta yi digiri a fannin akanta, ta ci jarrabawar ɗaukar aiki a wani kamfani mai zaman kansa. Ranar intabiyu ofishin yana hawa na biyu kuma babu lifta, sai da ƙaninta da maigadi suka ɗauke ta cak da keken suka hau da ita, manajan ya dube ta ya ce kin yi ƙoƙari amma kullum wa zai dinga ɗaukar ki? Daga nan shiru har yau. Tana tambaya ko akwai abin yi ko ta bar wa Allah kawai.

Ƙanwata akwai abin yi, kuma ba alfarma za ki je nema ba, haƙƙinki ne a rubuce. Wallahi maganar manajan nan ta tsaya min a rai.

Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ma ba a banza aka same ta ba. A Amurka a 1990 sai da masu nakasa suka sauka daga kekunansu suka hau matakalar majalisar ƙasar da rarrafe kafin a sa hannu a dokarsu a watan Yuli na shekarar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da yarjejeniyar haƙƙin nakasassu a 2006, Najeriya ta amince da ita a 2010, amma namu kudirin ya yi ta yawo tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa shekara da shekaru, ƙungiyoyi irin su JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, suna ta matsa lamba, sai a Janairun 2019 Buhari ya sa hannu. Filato ma ta riga tarayya, tun 2005 take da tata.

Toh ga abin da ya shafe ki. Sashe na 1 na dokar tarayyar ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda nakasa, hukuncin mutum ɗaya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan 1, kuma wannan bai hana ki shigar da taki ƙarar ta neman diyya ba. Sashe na 28 shi ne naki kai tsaye, ya ce kina da damar neman aiki daidai da kowa. Batun bene kuwa, doka ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Amma kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki da kike ji ana faɗa, na ma'aikatun gwamnati ne, kar ki dogara da shi a kan wannan kamfanin.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Manajan da baki ya faɗa, kuma gobe a gaban alƙali cewa zai yi an samu wanda ya fi ki cancanta ne, na sha ganin haka. Don haka tun yau ki zauna ki rubuta abin da ya faru da rana da lokaci da kalaman da ya yi, ƙaninki ma ya rubuta nasa ya sa hannu, ki adana saƙon gayyatar da sakamakon jarrabawar, a ɗauko hoton matakalar, ki kuma karɓi takardar likita mai nuna yanayinki. Maigadin kar ki sa rai da shi sosai, abincinsa yana wajen.

Shawarata kar ki fara da kotu. A rubuta musu wasiƙar lauya a nemi su faɗi dalilinsu a rubuce cikin kwana 14, sau da yawa a nan ake sasantawa, ko kuma su rubuta abin da zai ɗaure su da hannunsu. In sun yi kunnen uwar shegu ki kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da hukumar masu buƙata ta musamman da aka kafa a 2020, ba a biyan ko sisi. In duk bai yi ba sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ke da hurumin shari'ar bambanci a harkar aiki, in babu kuɗin lauya ki je ofishin Legal Aid na jiharku, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta. Gaskiya shari'a tana cin lokaci, kuma zai yi wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya ɗauke ki, abin da aka fi samu shi ne diyya, ki san wannan tun yanzu.

Ki faɗa min jihar da kike don in duba dokar jihar, ki kuma turo min hoton saƙon gayyatar, dan Allah kar ki bari abin ya yi sanyi.