Kare mai dogon kunne da lakar Birtaniya: amsa ga Yaya

Yaya, barka da warhaka, ina fata kowa lafiya. Ka tambaya yadda mutanenmu da ke zaune a Birtaniya suke riƙe irin karen nan da ka gani a hoto, mai kunnuwa har wuya da gashi buya-buya, ba tare da gidan ya koma turke ba, tunda an ce maka ƙasar ba ta rabuwa da ruwa. Tambayarka a kan hanya take. Ba kowa ne a cikinmu yake ajiye kare ba, amma waɗanda suka ajiye kusan tsari ɗaya suke bi, kuma tsarin nan ne zan shimfiɗa maka.

Sunan irin sifaniyel. Karen farauta ne tun asali, aikinsa ya kutsa cikin sarƙaƙiya da fadama ya tayar da tsuntsu, in an harbo ya ɗauko. Biyu aka fi gani: koka, mai nauyin kilo 13 zuwa 15, da sifiringa, wanda ke kai kilo 18 zuwa 25, wanda Kennel Club, ƙungiyar da ke rajistar irin karnuka a Birtaniya, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1902. Dukansu suna da dogon gashi mai laushi a bayan ƙafafu, da ƙirji, da ciki, da kunne, wato daidai wuraren da suke share ƙasa. Kuma ba kare ba ne da za a ce yau ana ruwa a zauna a gida. Sifiringa yana son kamar awa biyu na gudu kullum, koka awa ɗaya ko fiye. In aka hana shi, takalma da ƙafar kujera ne za su ji a jikinsu.

Ruwan kansa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Landan tana samun wajen milimita 600 ne a shekara, sai dai yammacin ƙasar, irin su Wales da Kumbriya, sun ninka haka. Abin da ke kawo caɓi shi ne ƙasa ba ta samun damar bushewa. Yayyafi ne yau da gobe, ga sanyi, ga rana da a ƙarshen Disamba ba ta cika awa 8 a sama ba. Daga Oktoba zuwa Maris filayen yawo taɓo ne, wurare da yawa kuma ƙasar yumɓu ce mai kama gashi kamar danƙo.

Wanda bai saba ba, lakar yake tsoro saboda ita ido ke gani. A ganina danshi ya fi ta ɓarna nesa ba kusa ba. Laka bokitin ruwa ya ishe ta. Ruwan da ya maƙale a gindin gashi da cikin kunne shi ke kawo wari, da ƙaiƙayi, da gyambo, shi ne kuma ke sa gida hamami. Saboda haka duk tsarin ya tsaya a kan abu biyu: a tare laka a bakin ƙofa, a busar da kare har fata.

Shiri tun kafin a fita ake yin sa. Ƙofa ɗaya kare ke shiga da fita, yawanci ta baya wadda ke buɗewa cikin kicin ko ɗakin wanki, inda ƙasan tayil ne. A waje tabarmar roba mai kaushi, a ciki wata mai shan ruwa wadda ke shiga injin wanki. Ana ajiye bokiti mai cin lita 10 cike da ruwa mai ɗan zafi, ta yadda kafin a dawo ya zama ɗumi-ɗumi, da kofin roba, da tawul uku, da ƙugiya a bango inda za a maƙala igiyarsa don hannu biyu su samu sarari. A bakin ƙofar ciki kuma akwai ɗan shingen nan da ake sa wa yara masu rarrafe. Abin da aka saba a gidajenmu shi ne kare yana da iyaka: kicin na baya da farfajiya nasa ne, ɗakunan kwana da inda ake salla ba ya taka su. Wannan shingen kaɗai ya rage rabin aikin.

Da an dawo, a tsaya a waje a bar shi ya girgiza. Girgiza ɗaya tana zubar da ruwa mai yawa, in kuwa a cikin kicin ya yi ta, bango da ƙofar firji duk sai sun yi ɗige-ɗige har tsayin ƙugu. Sai a kama ƙafa ɗaya a tsoma cikin bokiti har gwiwa, a sa yatsa tsakanin yatsunsa da cikin ramin dagi a kwakkwaɓe lakar, a matse gashin daga sama zuwa ƙasa, a koma ta gaba. Bayan ƙafafu huɗu sai a zuba wa ciki da ƙirji ruwa da kofi. Kunnuwa da fuska a ƙarshe, da sabon ruwa. Ruwan lakar a lambu ake zubar da shi. Wanda ya mayar da bahon wanka wurin wanke laka, yashi da gashi za su taru a lanƙwasar bututu, wata rana ruwa ya ƙi tafiya. Mesar famfon waje ma ba abin dogaro ba ce a tsakiyar sanyi, don tana daskarewa, ruwanta kuma ƙanƙara ne. Karnukan farauta suna da wani ciwo da ke kama gindin wutsiya bayan ruwan sanyi: wutsiyar ta saki ta yi laƙwas, kare ya kasa kaɗa ta na 'yan kwanaki saboda zafi.

In ɗan fantsali ne kawai a gashi, ba sai an jiƙa shi ba. A bar shi a kan tawul ya bushe, buroshi ya kakkaɓe shi kamar gari. Amma laka iri biyu ba a jira da su. Ta farko ita ce ta bakin titi lokacin da hukuma ta watsa gishiri don narkar da ƙanƙara. Gishirin yana tsattsage tafin ƙafa, in kare ya lashe kuma ya ɓata masa ciki. Ta biyu lakar daji ce. Tun 2012 aka gano wata cuta a ƙasar da ake kira Alabama rot, an fara ganin ta a yankin New Forest da ke Hampshire. Ba ta da yawa, amma tana kisa. Takan fara da miki ko kumburi ja a ƙasan ƙafa, ko ciki, ko baki, ba tare da wani rauni da aka sani ba, cikin 'yan kwanaki ƙoda ta tsaya. An fi samun ta tsakanin Nuwamba da Mayu, a karnukan da suka yi yawo cikin daji mai taɓo, shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a wanke lakar da an dawo, a kuma duba ƙafafu. Wanda ya ga irin wannan miki, ranar zai kai kare asibiti.

Ɗauraya da ruwa zalla kullum ba ta da illa. Sabulu ne ba a yawaitawa, sau ɗaya a wata ya isa, sai fa in ya yi birgima cikin kashin yanyawa, abin da sifaniyel ke so kamar me. Akwai maiƙo a gashinsa wanda ke sa ruwa ya zame, sabulu yana wanke shi, gashin ya koma shan ruwa kamar soso. Shamfun mutane bai dace ba domin an haɗa shi ne don fatarmu, wadda ta fi ta kare tsami. Nasa daban ake saya, a tsinka shi da ruwa a gora kafin a zuba. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Wasu ba sa ɗauraye kumfa sosai a hammata da matsematsi, sai susa ta biyo baya. Wasu kuma suna jiƙa kare da gashinsa a dunƙule. Dunƙulen gashi in ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake yi, ya manne da fata, daga nan sai aski. A taje tukuna da matajin ƙarfe har ya wuce ba tare da ya sarƙe ba, sannan a zuba ruwa.

Wajen busarwa ne ake gane wanda ya iya. Tawul dannawa ake yi da shi a matse, ba a cuɗawa, domin cuɗa ita ke haifar da dunƙule. Tawul na farko na ƙafafu da ciki ne, na biyu na jiki, na uku na kai da kunne kaɗai. Akwai rigar tawul da ake ɗaura wa kare ta tsotse sauran ruwan. Minti 20 zuwa 30 a cire, in ta daɗe ita ma ta zama jiƙaƙƙen bargo a jikinsa. Handiraya, wato na'urar busar da gashi, a sa ta a kan mafi ƙarancin zafi, nesa da fata kamar tsawon kamu ɗaya da rabi, hannu ɗaya yana cikin gashin don a ji zafin da yake ji. Saman gashi yana yaudara, sai ka ga ya bushe alhali ƙasa sharkaf. A tura yatsu har fata a wurare huɗu: hammata, bayan kunne, matsematsi, da tsakanin yatsu. In an ji sanyi-sanyi, da saura. Wurin da aka bari da danshi yana iya zama jan gyambo mai tsatsafo da ruwa cikin dare ɗaya, kare yana lasa yana ƙara faɗaɗa shi.

Kunne kuwa sai na tsaya a kansa, don shi ne raunin wannan iri. Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne, yana sauka ƙasa ne sannan ya karya kwana zuwa ciki. A sifaniyel ga fatar kunne mai nauyi ta rufe bakin ramin kamar murfi, ga gashi cunkus a gefensa. Ɗumi, duhu, ba iska, in aka ƙara danshi, wata ƙwayar fumfuna mai suna Malassezia da ƙwayoyin bakteriya sun samu gida. Ka ɗaga kunnen lafiyayye za ka ga cikinsa fari-fari mai ɗan ja kaɗan, ba wari. Wanda ya kamu kuwa ja ne jawur, da dauɗa baƙa-baƙa mai maiƙo, da wani tsami da ke bugun hanci, kare yana ta kaɗa kai yana kai ƙafa. Bayan kowace jiƙa a juya kunnen sama, a goge abin da ido ke gani da auduga, a bar shi a buɗe na 'yan mintuna ya sha iska. Sau ɗaya a mako a zuba ruwan wankin kunne da likita ya bayar, a murza gindin kunnen daƙiƙa 20 zuwa 30 har a ji yana caɓal-caɓal, a sake shi ya kaɗa kai, a share abin da ya fito. Kada a tura tsinken auduga, dauɗar yake dannawa cikin kwanar. Kunnen da ya riga ya yi ja yana ciwo kuma ba a zuba masa komai sai likita ya leƙa, domin in dodon kunne ya fashe wasu magungunan suna kurmantarwa. A rage gashin da ke ƙarƙashin kunne da bakin ramin. Kwanon ruwansa ma mai ƙunƙuntaccen baki ake saya, don kunnuwa su faɗa waje lokacin da yake sha. A leɓen ƙasa akwai wata 'yar ninkewar fata da ke riƙe yawu, ita ma a goge a busar, in ba haka ba a yi ta zargin haƙori da warin da ba nasa ba.

Almakashi yana rage wahala ƙwarai. Gashin da ke tsirowa tsakanin tafin ƙafa a daidaita shi da tafin, da almakashi mai dunƙulallen baki, duk mako biyu ko uku. Na bayan ƙafa da ciki a rage tsawonsa a lokacin sanyi. Mai gyaran gashin kare kuma duk mako 6 zuwa 8.

Sauran gidan aikinsa kaɗan ne in an yi waɗancan. Laka a kan kafet ba a taɓa ta tana ɗanya, gogewa tura ta take yi cikin zare. A bari ta bushe ƙarau, a kankare da bayan cokali, injin shara ya zuƙe, sannan a danna abin da ya rage da tsumma mai ɗan ruwan sabulu. Tayil a goge da maganin da aka rubuta bai cutar da dabba, kare kuma ba ya takawa sai ya bushe, tunda zai lashi ƙafarsa. Ba a taɓa haɗa bilic da wani maganin goge-goge, iskar da ke tashi guba ce. A mota, but ɗin ana shimfiɗa masa roba mai gefe, kuma doka ta 57 a kundin dokokin hanya ta ce a tabbatar kare yana ɗaure ko a killace yayin tuƙi, don haka kejin da ke tsare shi shi ne ke tsare kujeru daga laka. Wanda ya taɓa ruwan kududdufi da tawul ɗin kare ya wanke hannu, saboda fitsarin ɓera a ruwan kwance yana ɗauke da cutar leptosifirosis, wadda ke kama kare da mutum. Allurar rigakafinta ta karnuka duk shekara ake sabunta ta.

In ka shiga gida ka ji warin kare, je ka shinshina shimfiɗarsa, yawanci daga nan ne. Ana ajiye riga biyu ta shimfiɗar, ɗaya a kai ɗaya a wanki, a wanke duk mako a zafin digiri 60 tare da tawul ɗinsa, ban da kayan mutane. Tawul irin na maikurofaiba, mai siraran zaren roba, ba a sa masa ruwan laushin tufafi, yana toshe zaren ya daina shan ruwa. Jiƙaƙƙun tawul da aka jibga a kan hita tururinsu bango yake komawa, gidajen nan kuma a rufe suke ruf saboda sanyi, sai baƙar fumfuna ta fito a kusurwar taga. Shi ya sa ake ajiye na'urar tsotse danshi a ɗakin da kare ke bushewa, a riƙe danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a kuma buɗe taga minti goma kowace safiya ko da ana yayyafi.